Saƙon Auta da Ya Zo da Akwatuna

Tsoho ya shigo shagon rubutun allunan talla da ya bar wa ɗansa, yana miƙa wayarsa mai madannai.

"Duba min nan. Daga Auta ne. Babu harafi ko ɗaya, sai wasu ƙananan akwatuna a jere."

Ɗan ya ajiye burushi. Tun ranar da ƙanwar tasa ta ɗaga wa tsoho murya ta bar gida ba a sake jin ɗuriyarta ba, shi kam ko a jikinsa. Ita ce kullum tsoho yake cewa ta gaji hannunsa. Shi kuwa ko layi ya ja sai an ce ya karkace.

Ya tura saƙon zuwa tasa wayar, ya juya baya. Nan take akwatunan suka zama haruffa masu lanƙwasa da jela, irin waɗanda tsoho ya koya mata a kan bencin nan. Ashe manhajar ƙawata rubutu ta nema don ta faranta wa uban nasu rai. Sokuwa, ta manta wayar tsoho ba ta san irin waɗannan haruffa ba.

"Baba, ka yafe mini. Ina kwance a asibiti. In ka ce in dawo, zan dawo."

Haushi ya turnuƙe shi. Ko neman gafarar ma sai ta nuna gwaninta!

"Me ta ce?" in ji tsoho.

"Ni ma akwatunan na gani, Baba. Haka yaran yanzu suke yi wa wanda ba su da abin ce masa. Tsokana ce kawai."

Tsoho ya ƙura wa akwatunan ido. Ya daɗe yana shafa gilashin wayar da babban yatsa, kamar mai goge fentin da ya zuba.

"Ni za ta aiko wa wofi? To, nuna min yadda zan mayar mata da kayanta."

Ɗan ya nuna masa, a hankali, har da riƙe masa yatsa. Ya san sarai abin da zai isa gadon asibitin. Ba akwatuna za ta gani ba. Roƙonta ne zai dawo mata cif, da lanƙwasarsa da jelarsa, daga lambar ubanta, ba a ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Tsoho ya danna.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba," in ji ɗan, ya ɗauki burushinsa.