Jan Bargon Ummu Sabri

Ummu Sabri na cikin zuba shayi hannunta ya kuskure kofin, ruwan ya malale a faranti. Tahani, 'yar maƙwabtanta, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Inna, yau farantin ne baƙon naki?"

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta gaya mata gaskiya: yanar ido ta soma rufe mata gani, jiya ma da ƙyar ta bambance jirgin dakon duwatsu da inuwar gada.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin Tahani 'yar tseren kwale-kwale ce. Kwale-kwalen tsere siriri ne kamar karan rake, kuma mai tuƙa shi baya take bai wa inda ta dosa, inda ta baro kawai take gani. Tun Tahani na jami'a a nan Minya, lokacin da 'yan unguwa ke cewa wace irin mace ce za ta zama masunciya da digiri, suka ƙulla wata dabara. Barandar Ummu Sabri tana kallon kogin Nilu. In Tahani ta yi kudu, fuskarta na kan barandar, tsohuwar kuwa tana hango mata gaba. Da jirgin kaya ya ɓullo sai ta shanya jan bargo, yarinyar ta raɓe gefe. Da wannan bargon aka ci gasar jami'o'i, da shi aka shiga tawagar ƙasa. Masu gulmar jiya su ne yau ke cewa 'yarmu ce, da ma kowa ya ga rana sai ya yi shanya.

Yanzu kuma gasar ƙasashe ce a Italiya ta matso, Tahani ta zo gida hutu, amma hutun nata a baki ne kawai. Ummu Sabri ta roƙe ta da ta bar atisaye sai ta koma Alƙahira, inda mai horarwa ke bin su da jirgin inji. Tahani ta ce tsoka ba ta san hutu ba.

"Ido ne ya gaji, Inna, kunnenki ai ko ɓera ya yi tari a gidanmu kina ji. In kin ji inji, ki shanya."

"'Yar nan, gabana faɗuwa yake yi."

Tahani ta sumbaci goshinta, ta wawuri ragowar burodin ta fita.

Washegari bayan asuba hazo ya kwanta a kan kogin, fari fat. Ummu Sabri ta fito baranda ta ɗauka idonta ne ya ƙarasa, sai da ta ji laima a fuskarta. Ta ji ƙarar filafilan Tahani suna nisa, a natse, kamar numfashin mai barci. Can sai ta ji wani gurnani mai nauyi daga kudu.

Kunnen bai ci amanarta ba. Ta shanya bargon a kan ƙarfen baranda, ta kaɗa shi, ta ɗaga shi sama har kafaɗunta suka yi tsami. Sai a lokacin ta tuna, abin da ya hana ta ganin kogi shi zai hana Tahani ganin baranda. Ta ƙwala kiran sunanta, muryar tsohuwa ce, ko bakin ruwa ba ta kai ba. Injin ya wuce bai ko sassauta ba, kuma ba ta sake jin filafilai ba.

Da la'asar masunta suka kawo gawarta. Uwar Tahani ta kasa shiga ɗakin wanka, Ummu Sabri ce ta shiga. Fuskar ba ta fito mata sosai ba, amma da ta riƙo tafin hannun ta ji kantar nan da ta sha shafa wa man zaitun, sai ta zauna a ƙasa tana kuka.

Har aka share makoki ba wanda ya ce mata ta shigar da shanyarta. Bargon na nan a baranda, raɓa ta jiƙa shi da safe, rana ta busar.