Farantin da Danda Ya Zuba

Na Allah kafinta ne, kuma irin mutanen nan ne da in abu ya shiga ransu ko tuwo ba sa jin daɗinsa. A rumfar bayan gidansa a Tasawa yake aiki. Bara ya sayo injin fitar da ado a bakin katako, wanda ake rataye shi a ƙarƙashin tebur, haƙorinsa ya leƙo sama ta tsakiyar wani faranti. Farantin nan shi ya hana bawan Allah sakat.

Ya fara da na katako, damina ta zo ya lotsa. Ya koma na roba, zafin bazara ya lanƙwasa shi, har ya ɓata wa wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ƙofar kabad. Na ƙarfe kuwa tsatsa yake shafa wa katako. Sai alminiyam mai kauri, shi kuma babu a kasuwa.

Danda, mai zubin tukwane a Mayahi, ya ce masa, "Kawo mini tarkacen alminiyam kilo ukku, in zuba maka wanda za ya kai ka tsuhwa."

Na Allah ya tattara tsofaffin ludaya da murafai, bai kai ba. Sai idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwar tukunya a kusurwar ɗakin ajiya, ta yi baƙi, ta lotsa a gefe, kaza ma har ta taɓa ƙwai a ciki. Bai tambayi kowa ba, ya haɗa ya kai wa Danda. Ya ce a ransa ai taimakon gidan ya yi, ya rage tarkace.

Faranti ya fito sumul. Ya goge shi, ya huda, ya ɗaura inji. Katako na wucewa a kai kamar sabulu a hannu, shi kuwa sai washe baki yake yi.

Wata biyu bayan haka 'yarsu A'ishatu ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Matarsa Zara'u ta shiga ɗakin ajiya ta fito da yanar gizo a ɗankwali.

"Malam, ba ka ga tukunyar Inna ba? Ta wankan jego?"

Sai a lokacin ya tuna. A tukunyar nan marigayiya surukarsa ta dafa wa Zara'u ruwan wanka kwana arba'in lokacin da aka haifi A'ishatu, ita ma surukar a ciki aka dafa mata nata. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mi zan yi da tukunya ni?"

Zara'u ta ce ta tuna. Zalika maƙwabciyarsu ta taɓa aronta. Da ta je tambaya, Zalika ta rantse ta mayar, Zara'u ta ce ba ta gani ba. Matan da suka shekara ashirin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga suka daina gaisawa.

Na Allah yana ji yana gani. Kunya ta ci shi, ta hana shi magana, rashin maganar kuma ya fi cin sa. In ya kunna inji sai ya sake kashe shi. Ranar da ya hangi Zalika ta canza hanya don kada ta bi ta ƙofarsu, tana share ido da bakin mayafi, ya ajiye aikin da yake yi.

Ya kira Zara'u rumfa, ya share garin katako daga kan farantin.

"Ga tukunyar Inna. Ni na kai ma Danda ya narke ta. Zalika ba ta da laihi."

Ya so ta yi masa faɗa, ko ta jefe shi da guduma. Ba ta yi ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan farantin, ta daɗe tana shafawa a hankali.

"Ya yi maka aikin da kake so?"

"Ya yi."

"To, madalla." Ta gyara mayafinta. "Ɗiyata na iya haihuwa yau ko gobe, kuma duk unguwar nan Zalika kaɗai ke da babbar tukunya. Tashi ka wuce gaba. Da bakinka za ka hwaɗa mata, ni kuma in san da wane ido zan dube ta."