Kabejin Yaya Glenys

Duk ƙauyenmu babu wanda ya iya zagin ƙaramar hukuma kamar Clifford Pryke. Tun da ya rufe shagon namansa aka ba shi shugabancin kwamitin makarantar firamare, ya samu abin yi. Rufin aji ya yi yoyo, hukuma ce. Malami ya makara, hukuma ce. Ko rana ce ta ƙi fitowa, sai ya dubi sama kamar daga ofishinsu aka riƙe ta.

Shi ne ya yi ta yawo gida-gida har iyaye suka yarda a cire makarantar daga hannun hukuma a mayar da ita ƙarƙashin gidauniya tata ta kanta. Fili da gini suka koma hannun gidauniyar, ɗaukar ma'aikata da sallamarsu suka koma hannun kwamiti. Ranar da abin ya tabbata Clifford ya sa sabuwar kwat, ya ce yau sun zama 'yantattu.

Bai tuna da Glenys ba.

Glenys yayar matarsa ce, ita ke dafa wa yara abincin rana tun iyayen yaran suna 'yan aji ɗaya. Tana ɗora kabeji da sassafe, ba ta sauke shi sai ya manta da cewa shi ganye ne. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa gaya mata. Mu nan mutum zai haɗiye abin da ya tsana, ya goge baki ya ce madalla, ya je gida ya yi ta ƙorafi. Muna kiran wannan ladabi. Tsoro ne. Da can in iyaye sun kawo kuka, Clifford kan ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma'aikaciyar hukuma ce, ba mu da ta cewa."

Shugabar makarantar, Malama Ormerod, ta tare shi bayan taron farko.

"Shugaba, yara sun daina cin abincin makaranta, da guzuri suke zuwa. In aka ci gaba a haka za a rufe kicin, Glenys ta rasa aiki. Sai wani ya gaya mata ta rage dahuwar nan."

"Ai sai a rubuta wa..." Ya tsaya.

"Wa?" in ji Malama. "Kai ne hukumar yanzu. Kai ka roƙa."

A gida ya nemi matarsa Doreen ta shiga tsakani. Ba ta ko ɗago kai daga saƙar da take yi ba.

"Ni na girma a kan kabejin nan, na gama nawa. Kai mai sabuwar kwat, je ka."

Washegari ya tafi da rana, yana bitar abin da zai faɗa a hanya. Magana ce ƙarama: Yaya, kabejin yana wuce lokaci a wuta. Mutumin da ya shekara yana tsayawa gaban taro yana tsine wa jami'an da bai taɓa gani ba, ga shi yana gumi a ƙofar kicin.

"A'a, ubangidana ne da kansa," in ji Glenys, ludayi a hannu. "Ranka ya daɗe. An ce yanzu kai ke ɗauka kai ke kora. Zauna, zauna."

Ta zaunar da shi a kujerar yara, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa, ta cika masa faranti. Ya ci. Tana tsaye a kansa.

"Yaya ka ji shi?"

"Madalla, Yaya."

"Clifford, na san abin da ya kawo ka. Doreen ta buga min waya tun kafin ka ɗaure takalmi. Kuma ni ba makauniya ba ce, ina ganin abin da ake zubarwa a bokiti."

Ya ji sanyi a ransa. "To, ashe ma an gama magana."

"Ba a fara ba. Haka aka koya min dafa shi, haka nake dafawa, kuma duk wanda na tambaya cewa yake madalla. Da, ka ce ba kai ne mai cewa ba. Yanzu kai ne. Faɗa da bakinka, gobe in sauke shi da wuri. Mene ne laifin kabejina?"

Clifford ya buɗe baki. Ya dubi ludayin, ya dubi fuskar matar da ta yi girkin bikinsa. Sai ya juya wajen taga.

"Kamar za a yi ruwa anjima," in ji shi.

"Kamar," in ji Glenys, ta ƙara masa ludayi guda.

Malama Ormerod ta ce tunda maganar ba ta fita ba, sai ya koma gobe. Ya koma. Har yanzu kicin bai rufe ba, don 'yan kwamiti da suka ji labari sun fara zuwa kallo, kuma wanda ya shigo sai ya karɓi faranti, shi ma ya ce madalla. Clifford yana can kullum da rana a 'yar kujerarsa, yana taunar abin da ba ya buƙatar tauna. Ba a sake jin ya zagi hukuma ba.