Jariran Shak Bakwai a Cikin Daro

Kai ma ka taɓa tsayawa a gaban teburin kifi, ka ga abin da ke zubowa daga cikin kifin da aka farke, ka kau da kai kana jiran a miƙo maka naka a leda. Matar da ake kira Mai Wuƙa ba ta da damar kau da kai. Shekara goma sha ɗaya tana gyaran kifi a rumfar yayanta da ke bakin teku, a teburin nan da aka tokare ƙafarsa da bulo.

Ran nan da hantsi jirgin Yaya ya dawo da manyan kifayen nan masu kaifin haƙora da ake kira shak, guda huɗu, kuma kowa ya san daga ina. Bayan tudun yashi akwai wani lungu inda ruwan teku ke shiga ya kwanta, marar zurfi, mai ɗumi. A wannan watan ne matan shak ke shiga can su haihu, shi ya sa tun zamanin da masunta ba sa taka wurin sai watan ya wuce. Bana Yaya ya gano cewa in ya gitta taru a bakin lungun, ba sai ya ƙona mai zuwa tsakiyar teku ba. Kifin zai kawo kansa.

Mai Wuƙa ta sa wuƙa a cikin shak ta farko, ta ja. Wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafinta. Sai ga jarirai suna sulalowa, bakwai, kowanne bai kai tsawon hannunta ba, idanu a buɗe, cibiya a maƙale.

"Watsa wa kyanwa, 'yar nan," in ji Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, daga teburin kusa. "Rana na yi."

Mai Wuƙa ta yanke cibiyoyin, ta cika daro da ruwan teku, ta zuba su. Suka nutse suka yi lamo. Ta tuna Baba ya taɓa gaya mata irin wannan kifin sai ruwa na ratsa bakinsa yake numfashi. Ta saɓa daron a ƙugu tana jijjiga shi.

"Ke! Ina za ki da daron mutane?" Yaya ya daka mata tsawa.

"Zan mayar da 'ya'yan mutane."

"Yau kuma ungozoma muka samu!" Masunta suka kwashe da dariya.

"Yaya, kusan shekara ta yi tana ɗauke da cikin nan. Ba ƙwai dubu take zubawa kamar sauran kifi ba. Bakwai ne. Kafin ɗaya a cikinsu ta isa haihuwa, autarka ta gama makaranta."

"Teku ba ya ƙarewa."

"Haka ka ce makon jiya, da dabbar ruwan nan, dolfin, ya shaƙe a tarun nan don ya kasa ɗagowa ya shaƙi iska."

Fuskarsa ta canza. "In kika bar teburin nan, kada ki dawo."

Ta wuce abinta. Yashi na ƙona mata ƙafa, ruwa na fantsala mata a zane, ba ta daina jijjiga daron ba har ta haye tudun. Ta shiga ruwan lungun zuwa gwiwa, ta karkata daron. Biyar suka harba suka ɓace. Na shida ta riƙe shi tana tura shi gaba cikin ruwa, tana cewa, "Yi mana, ɗan nema," har ya fizge daga hannunta. Na bakwai bai motsa ba.

Shi ta dawo da shi. Ta shimfiɗe shi a kan teburin, ta ajiye wuƙarta a gefensa, ta harɗe hannu.

"Ban dawo aiki ba. Muddin tarun nan na bakin lungu, ba na taɓa kifinka."

Gwaggo ta dubi ɗan mataccen kifin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta goge wuƙarta a zane ta ajiye. "Ubanku bai taɓa kai taru can a watan nan ba. Ni ma na sani, na yi shiru." Sauran matan da ke gyaran kifi a rumfar suka ajiye nasu ɗaya bayan ɗaya.

Kifi uku na kwance a rana, ƙuda sun fara taruwa, ga shi mai motar ƙanƙara da ke sayen kifinsu ba ya ɗaukar kifin da ba a gyara ba.

"To, ni ba ni da hannu ne?" Yaya ya fizgi wuƙa ya farke ta biyu. Jarirai tara suka zubo masa a kan ƙafa, duk sun riga sun mutu. Babu wanda ya yi dariya. Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ku tayar da inji," ya ce da mutanensa, murya ƙasa-ƙasa. "A kwaso tarun." Bai kalle ta ba ya ƙara da cewa, "Ke kuma ungozoma, ɗauki wuƙarki kafin sauran su lalace."

"In na ga tarun a kan yashi," in ji ta.

Ta ga tarun a kan yashi kafin rana ta karkata. Amma jirage uku sun riga sun ga inda Yaya ke kamu, kuma watan bai ƙare ba. Su ma don kai mai saye za su gitta nasu tarun. Gobe in ka tsaya a gaban teburin, kada ka kau da kai. Tambayi inda aka kamo kifin da abin da aka tarar a cikinsa. In mai ciki ce, mayar da ledar ka faɗi dalili da ƙarfi, kowa ya ji.