Ƙwayoyin Baba a Bakin Rijiya

Kwana uku da dawowar Radiya garinsu Tenhiya hutu daga jami'ar Damagaram, ta lura mahaifinta Barmo ya yanke madaurin takalminsa. Ba tsinkewa ya yi ba, wuƙa aka sa. Ƙafar da ke ciki ta kumbura har idon sawu ya nutse.

Ba ta da hanyar tambayarsa. Ita ce 'yar fari, kuma tun da aka haife ta Barmo bai taɓa kiran sunanta ba. Yayarsa, Gwaggo Zuhaira, ita ta goye ta, ita ta sa ta lakwal, makarantar boko. In ya shigo ya tarar da Radiya kaɗai a tsakar gida, garu yake duba ya ce, "Ko akwai sauran hura a gidan nan?" Ita kuma ta ajiye ƙwarya a inda hannunsa zai kai, ta koma.

Bazara ta kai maƙura. Tafkuna sun bushe, dabbobi duka sun dawo rijiya. Gidansu na da kamun safe, yau a sha, gobe a huta. Ƙanen Barmo, Attahir, ke kora takarkarin da ke jan igiya, shi kuwa Barmo yana bakin rijiya, yana tarbar wasaki cike da ruwa, ya ciccibe shi ya juye a komi, tun fitowar rana har azahar. Kuma yana da ƙa'idar da ya gada wurin ubansa: mai shayarwa ba ya kai ruwa bakinsa sai dabbar ƙarshe ta ɗaga kai.

Da Radiya ta shiga share ɗakinsa, ta ɗaga tabarma ta ga ledojin magani da aka gama ɓallewa, a jere kamar an ajiye su don wani amfani. Iri biyu ne. Ta karanta bayansu: jar ƙwayar diklofenak, farar ibuprofen. Ta fara ƙirgawa, ta kai leda goma sha huɗu, ta bari. Labarin ƙasa take karantawa a jami'a, ba ta san komai a kan magani ba, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta ɗauki ɗaya daga kowane iri ta ƙulle a bakin mayafi, ta nufi likita, ɗan asibitin garin.

Majo Nafi'u, babban ma'aikacin likitar, yana cin gyaɗa a ƙofar ofishinsa. Ya juya ledojin a hannu.

"Wa ke shan waɗannan?"

"Wani ne a gidanmu."

"Wani mai suna?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba."

"Barmo? Duka biyun tare?"

"Ina jin haka."

Ya ajiye gyaɗar. Ya ce magungunan nan 'yan gida ɗaya ne, launi da suna ne kawai suka bambanta, wanda ya haɗa su ya ninka abu ɗaya ne. Ana shan guda, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, a bari. In aka ɗora su a kan cikin da ba komai, suna cinye tumbi. In aka ɗora su a kan ƙishirwa, ƙoda suke kamawa.

"Ƙafarsa ta kumbura," ta ce.

"To ki tambayo mini abu biyu. Yana fitsari kamar da? Bayan gidansa ya yi baƙi? Kuma kada ya ƙara haɗiyar ko ɗaya, ya zo in gan shi yau."

Ta dube shi sau ɗaya, ta kau da ido.

"Af," in ji majo. "Ke ce ta fari ko? Allah ya ba ki sa'a."

Gwaggo Zuhaira tana tankaɗe lokacin da Radiya ta faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta buga rariya a gwiwa.

"Ni in tambayi ƙato da gemunsa yadda yake fitsari? 'Yar nan, abin da ake koya muku ke nan a Damagaram?"

"Gwaggo, ke kika yi masa wanka yana yaro."

"Yana yaro na ce! Yanzu kuwa jikokin wasu na gaishe shi."

Amma da la'asar, da Barmo ya zauna a zaure yana dafa shayi, ta je. Radiya ta tsaya bayan zana tana ji.

"Barmo, masu karatu sun ce ka rage ƙwayoyin nan."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Yaya, jar ta baya ce, farar ta gwiwa. Mai tebur ya bayyana mini a kasuwa, kowace da aikinta. In na bar su, ke za ki ɗaga wasakin?"

"Ka dai rage."

"To, na ji."

Shi ke nan. Ba zancen ƙoda, ba zancen likita. Radiya ta koma ta wanke kwanonin da ta riga ta wanke. Ta ɗauki littafi, ta ajiye. Ta fita ƙofar gida, ta dawo. Sai ta tuna wani abu da ya tsaya mata a rai: ita ke cika masa butar da yake zagayawa da ita, kuma kwana biyu ke nan sau ɗaya tak take ganin ya nufi bayan gida da ita. Da aka kai masa tuwo ya yi loma uku ya ture, ya dafe ƙirji kamar mai jin ƙuna.

Washegari ranar kamunsu ce. Ta ji lokacin da ya ɓalle ƙwayoyin, ƙaras, ƙaras, ya kora da ɗan kofin shayi mai ɗaci. Bai karya ba. Ya fita yana jan ƙafa.

Ta zauna. Ta tashi. Ta ɗauki tsintsiya ta jingine. Da hantsi ya ɗaga ta yafa mayafi ta bi hanyar rijiya, ba tare da ta san abin da za ta yi in ta isa ba.

Shanu na ture juna a bakin komi, raƙuman wasu Buzaye na durƙushe suna jiran nasu kamun. Maza kamar goma suna wurin. Barmo ya tarbi wasaki, ya ɗaga shi rabi, ya sauke, ya tsaya dafe da itacen rijiya. Rigarsa ta bushe ƙamas. Duk sauran mutane zufa ta jiƙa su.

Kawu Attahir ya dawo da takarkari bakin rijiya, ya gan ta. "Ke kuma fa, 'yar boko? Kin zo auna zurfinta ne?"

Aka yi dariya. Ta matsa kusa da takarkarin, ta dafa tozonsa, ta kafa ido a kunnensa, ta soma magana da shi.

"Jar da farar magani ɗaya ne. Majo ya ce suna kashe ƙoda in mutum ba ya shan ruwa. Ya ce kumburin ƙafa alama ce. Ya ce a tambaya ko fitsari ya ragu, ko bayan gida ya yi baƙi. Ni ban tambayi kowa ba. Amma kwana biyu ke nan ina ganin buta ba ta raguwa."

Shanu suka ci gaba da zuƙar ruwa. Wani dattijon Buzu ya gyara rawaninsa ya juya baya. Kawu Attahir ya buɗe baki zai tsawatar, sai ya dubi ƙafar wansa, ya daɗe yana dubanta.

"Yaya, gaskiya ne?"

Barmo ya kawar da kai. Yana kallon cikin rijiya.

"Yaya!"

"Saura shanu ashirin ba su sha ba," in ji shi a hankali.

"Za su sha." Attahir ya juya ga dattijon. "Almustafa, ku karɓi wasakin nan, gobe mu rama muku." Ya kama hannun wansa. Barmo ya fizge sau ɗaya, sannan ya bari.

Majo Nafi'u ya danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya auna jini ya ga ya hau. Ya rufe ƙofa ya yi tambayoyinsa, Radiya na waje tana zagaya bishiyar aduwa. Da ya fito ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babban asibitin Tanut, yau ɗin nan. Ya hana su ɗura masa ruwa a hanya don rama ƙishirwar baya, ya ce yanzu ko ruwan sai an auna masa. Gwaggo ba ta iya karanta takarda, Attahir ba zai bar dabbobi ba. Radiya ce ta hau motar, ta zauna can baya.

A Tanut aka ɗebi jini. Lokotoron da ta duba shi, wata mace mai magana da sauri, ta ce ƙodar ta wahala ƙwarai, tumbin ma ya taɓu amma bai fara zub da jini ba. Ko za ta farfaɗo, sai an ga kwana uku. Ta ba da wata roba mai layukan awo, ta ce duk fitsarin da ya yi a auna a rubuta, da lokacinsa, kada a tsallake ko sau ɗaya. Ta miƙa wa Radiya takarda da biro, ta wuce gado na gaba.

Haka suka yi. In lokaci ya yi, Radiya ta fita baranda. In ta dawo ta tarar da robar a ƙarƙashin gado, shi kuma ya ja rawani ya rufe fuska. Ta ɗaga ta wajen taga, ta duba layi, ta rubuta, ta kai ta zubar. Ranar farko bai kai rabin kofi ba. Ta biyu ya ɗan ɗara. Ba ta iya zama wuri ɗaya, ta haddace duk sanarwar da ke manne a garun asibitin.

Ranar ta uku da hantsi ta ɗaga robar, ta ga ya wuce layi na huɗu. Ta sake dubawa, ta karkata ta, ta daidaita. Ta rubuta. Lokotoron ta zo zagaye, ta bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Ƙodar ta fara tashi. Amma baba, kai da waɗannan ƙwayoyi kun rabu har abada. In baya ya dame ka, ka je wurin majo ya zaɓa maka wanda ƙodarka za ta ɗauka."

Daga ƙarƙashin rawani aka ce, "To."

Radiya ta ɗauki salula ta fita neman inda za ta samu layin Tenhiya, ta sanar da gida.