Inabin da Ba a Sa wa Albarka Ba

Shekarar da Sarkin Istanbul da Sarkin Rasha suka sa zare, mu Armeniyawa aka ce mu ne munafukan. Aka kwashe mazan ƙauyenmu na gefen Kharpert, har da Der Mesrob limamin coci, aka yi bayan dutse da su. Mata da yara kuwa jandarmomin Turkawa suka tasa ƙeyarmu kudu, wai sai yaƙi ya lafa.

A cikin ayarin akwai tsohuwa Srpuhi, wadda tunda take ba ta taɓa karya azumi ko na yini ɗaya ba, kuma ta san duk wadda ta karya a ƙauyen. Abin da ya rage mata a duniya matar ɗanta ce Nazeli, da jaririn da ke hannunta. Nonon Nazeli ya kafe. Yaron ya daina kuka ma, sai dai ya buɗe baki ya rufe.

Ana wucewa ta gefen wata gonar inabi, wata mata 'yar ƙabilar Kurdawa ta leƙo ta kan katanga, ta jefo wa Nazeli nono guda na inabi, ta ɓuya. Kafin Nazeli ta kai ƙwaya ɗaya baki, Srpuhi ta fizge.

Mu dai ba ma ɗanɗana sabon inabi sai ranar idin Maryamu, bayan liman ya sa masa albarka. Idin kuwa sai Lahadi.

"Ba a gidana ba, 'yar nan," in ji Srpuhi.

Makruhi maƙwabciyarta, wadda suka shekara talatin suna rigima kan kaji, ta yi dariya ba daɗi. "Wane gidan, uwar masu tsarki? Wanda Baturke ya ɗaure jakinsa a ciki? Wa zai sa albarkar? Der Mesrob ungulu sun gama da shi tuni. Ba ta abinta ta samu ruwan nono!"

"Rufe min baki, mai satar ƙwai. Sun ƙwace gona, sun ƙwace 'ya'yana. Wannan ma in miƙa musu? In muka ci yau, da me muka fi su?"

Ta cusa inabin cikin rigarta. A ranta ta gama lissafi: ta riƙe wa Allah nasa, dole Shi ma Ya riƙe mata jikanta zuwa Lahadi. Duk inda aka yada zango sai ta taɓa ƙirjinta ta ji yana nan, ta kau da kai daga idon Nazeli.

Lahadi ta same mu a bakin kogin Furat. Srpuhi ta ciro inabin, duk ya dame ya yi tsami. Ta fuskanci gabas ta karanta ɗan abin da ta riƙe daga bakin liman, ta yi masa alamar gicciye.

"Ungo, 'yar nan. Ya halatta. Ci maza, ki ba shi ya sha."

Nazeli ta kwance zanen da take rungume da shi tun jiya. Yaron ya riga ya sandare.

"Ki ci abinki, Inna," ta ce. "Ke kika yi azuminsa."