Jar Fitila a Kan Rufi

Mushen kaza na farko ya faɗo kan teburin Mai Rediyo yana cikin ɗiga dalma a cikin wata tsohuwar rediyo. Na biyu ya same shi a kafaɗa. Kafin ya miƙe, mijin ƙanwarsa, wanda duk unguwa ke kira Mai Kaji, ya zazzage sauran buhun a bakin shago.

"Duba su da kyau," in ji Mai Kaji. "Jirgin safe ne. Suka firgita suka taru a lungu guda, suka danne juna har lahira. Wannan buhu na uku ke nan a mako ɗaya."

"Innalillahi. Sannu, ɗan'uwa."

"Riƙe sannunka. Akwatin nan na kan rufinka na zo saukewa."

Wata bakwai ke nan da hukumar filin jirgi ta ɗauke hanyar tashin jirage daga kan unguwar masu dogayen katangu, ta ɗora ta a kan rufinsu. Gwaji ne, in ji su, na wata takwas. Tun daga ranar gilashin taga ke tsagewa, malamin makaranta ke yin shiru a tsakiyar magana, jarirai ke farkawa da ihu. Baban Mai Rediyo, da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, duk jirgin da ya wuce sai ya zabura ya jiƙa shimfiɗa, sannan ya juya fuska bango don kunya.

Mai Rediyo ne ya yi ta zarya ofis-ofis har takalminsa ya ƙare, da ƙyar aka yarda a kafa na'urar auna ƙara a kan rufinsa. Ɗan akwati ne toka-toka a kan sanda, da hatimi a murfinsa. Sharaɗin yana rubuce a takarda: kwana talatin a jere ba yankewa, hatimi bai taɓu ba. Da wannan shaidar kaɗai lauyan unguwa zai tsaya a zaman ranar Litinin. In babu ita, gwaji ya zama dindindin. Yau kwana ashirin da tara.

Matsalar ita ce 'yar jar fitilar da ke gaban akwatin. Da yake yana sama, yakan ji jirgi kafin mutanen da ke ƙasa tsakanin katangu su ji. Sai fitilar ta kama, a yi numfashi biyu, jirgi ya keto. Mutanen unguwa kuwa ba makafi ba ne, sun ga wanda ke riga wani.

"Sau nawa zan faɗa maka?" in ji Mai Rediyo. "Ji yake yi, ba kira ba. Kunne ne kawai."

"Kunne da tambarin hukuma a jikinsa? Su suka kawo jiragen, su kuma suka kawo maka kunne? Ka maida mu 'yan fari ne?"

Titi ya riga ya cika. Ga mahauci da rigarsa duk jini, ga mai faci riƙe da ƙarfen cire taya, ga matar direba da goyo a baya, idanunta sun yi jajir don rashin barci. Duk mutanen da ya gyara wa rediyo da fanka ne. Rabinsu sun sa hannu a takardar ƙorafin da ya rubuta, amma ba wanda ya karanta ta.

"Gobe kaɗai nake roƙo," ya ce, ya fito ya tsaya a ƙofar gidan da ke manne da shagon. "Gobe da safe ma'aikacin zai zo ya ɗauki abin da ya tara. Bayan nan ni da kaina zan ba ku guduma."

"Gobe ya zo ya ƙara masa ƙarfi dai!" matar direba ta yi tsawa. "Tun da aka kafa shi jiragen suka ƙara sauka ƙasa. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya take ba, sai dai gajimare ne ya yi ƙasa a watan. Ya buɗe baki zai yi bayani, wani ya nuna sama da yatsa.

"Ga ta nan! Ta kama!"

Kowa ya ɗaga kai. Jar fitilar na ci. Aka yi numfashi biyu, sai jirgin ya keto ta bayan tankin ruwa, cikinsa fari fat, ƙusoshin jikinsa kamar a ƙirga. Kwanon rufi ya ɗauki karkarwa, jaririn matar direba ya sandare da kuka ba a jin sautinsa. Daga cikin gida Baba ya kurma ihun da ɗansa kaɗai ya gane.

A cikin wannan ƙarar aka fara dukansa. Bai ma ga wanda ya fara ba. Naushi ya same shi a baki, ya ji haƙori ya motsa. Ya ware hannuwa ya riƙe katakon ƙofa hagu da dama, mai faci ya sauke masa ƙarfe a yatsu. Ya saki. Suka bi ta kansa kamar an buɗe wa shanu shinge, wani ya taka masa wuya, wani ya shure shi a haƙarƙari har numfashinsa ya ɗauke.

Ƙanwarsa ce ta faɗo kansa ta rufe shi da jikinta.

"Za ku kashe shi! Yayana ne! Baban yara, ka ji tsoron Allah!"

Mijinta bai waiwayo ba, ya riga ya fara hawa tsani. Mai Rediyo ya ture ta ya rarrafa, jini na ɗiga daga haɓarsa, ya kama ƙafar Mai Kaji da hannun da ya rage masa.

"Don Baba," ya ce. "Kwana ɗaya."

Mai Kaji ya dube shi, idonsa cike da hawaye, sannan ya sa masa diddige a fuska.

Yana kwance rigingine a tsakar gida ya ji saukar guduma. Sau shida. Aka jefo akwatin ƙasa, mata da maza suka rufar masa da duwatsu da ƙafa, har da wata tsohuwa da taɓarya. Da suka gama, mahauci ya tattara ɓaraguzan ya watsa fetur ya ƙyasta ashana, wai kada ya sake tashi.

Sai kuma iska ta juya. Duk mai kula ya san idan ta juya, jirage ta ɗaya bakin titin filin jirgi suke tashi. Awa ɗaya ta wuce ba jirgi, biyu, uku. Unguwa ta yi tsit har ana jin kukan tsuntsaye, sannan ta ɓarke da shewa. Aka ɗaga Mai Kaji a kafaɗa aka zaga da shi. Matar direba ta aiko wa Mai Rediyo da ruwan zafi da tsumma, ta ce a ce masa ta yafe masa.

Ya bari ƙanwarsa ta ɗaure masa yatsu, ya canza wa Baba shimfiɗa da hannu ɗaya. Sannan ya tsuguna gaban tokar yana tonawa da sukudireba. Ya sami ɗan katin da ke ajiye bayanan, ya narke ya dunƙule kamar busasshen cingam. Bai yi kuka ba, don haƙarƙarinsa ba zai bari ba.

"Wataƙila fa sun yi gaskiya, Yaya," in ji ƙanwarsa a hankali. "Ka ji shiru."

Yana kallon wani zane a kan igiyar shanya, wanda tun rana yake kaɗawa yamma, yanzu ya faɗi ya fara komawa gabas.

Bayan la'asar yana zaune a shago, kofin ruwan da ke kan tebur ya fara rawa. Jirgin ya wuce ƙasa-ƙasa kamar na safe, na biyu na bin sa. Da ƙarar ta lafa, ya ga mutane suna fitowa ƙofa-ƙofa, kowa ya ɗaga kai yana kallon rufinsa, inda babu komai sai lanƙwasasshiyar sanda.

Mai Kaji ya tsallako titi, gudumar na hannunsa har yanzu. Ya tsaya a bakin shago, bai ɗaga murya ba.

"Ina ka ɓoye ɗayan?"

Idonsa ya wuce kan Mai Rediyo ya sauka a kan kantoci, inda rediyoyi da talabijin na mutane ke jere suna jiran masu su, kowanne da 'yar jar fitilarsa tana ci. A bayansa mai faci ya iso, sai mahauci.

Mai Rediyo ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango, ya fara zare wayoyin daga soket ɗaya bayan ɗaya.